Gonar Hayin Kanal

Bara da rani aka cike kududdufin bayan gidanmu. Motocin tifa suka yi ta kawo jar ƙasa suna juyewa har wurin ya daidaita, aka kafa injin casar shinkafa a kai. Yanzu idan na zauna a zaure da hantsi, abin da nake ji shi ne gurnanin inji da hayaniyar 'yan acaba masu ɗauko buhuna, ga ɓuntu yana tashi yana shiga ido. Yaran unguwa murna suke yi, sun ce sauro ya ragu. Ban yi musu gardama ba, gaskiyarsu ce. Amma ni a gurina ba rami kawai aka cike ba. A cikin ramin nan ne abin da ya sami yayana ya faro, kuma yau in ban da ni babu sauran wanda ya san farkon maganar.

Wanda ya ga ƙasar nan tsakanin Kura da Bunkure yanzu, kore shar rani da damina, ba zai yarda cewa mun taɓa zama mutanen tudu ba. Ruwa baƙo ne a gurinmu, ya zo da damina ya yi 'yan watanninsa ya koma. Gero muke nomawa da dawa da gyaɗa da wake, sai ɗan rogo a bayan gida. In an gama kaka an cika rumbu, maza su tafi cin rani, waɗanda suka rage su zauna saƙa da gyaran danga. Ina iya tuna safiyar garinmu da kunne ba tare da na buɗe ido ba: luguden mata yana amsa juna daga gida zuwa gida, guga tana dukan bangon rijiya, jakin maƙwabcinmu da ba ya taɓa makara wajen kuka, in kuma iska ta juyo daga Kura sai ka ɗan jiyo ƙarar masu bugu suna dukan baƙin yadi, kamar bugun zuciyar wani daga nesa. Aikinmu mu yara shi ne kiwon awaki, da tsinto kara, da korar tsuntsu daga gero. Ruwan da muka sani duk yana da iyaka da baki, ko a randa, ko a rijiya, ko a kududdufi. Ba mu san ruwan da ke tafiya ba dare ba rana ba.

A wancan zamanin kusan kowa yana da abin da yake tsoro, kuma gari ya san na kowa kamar yadda ya san tsagen fuskarsa. Mahaucin garinmu, wanda yake kayar da bijimi shi kaɗai, in ya ga kwaɗo sai ya haye kan tebur. Akwai wata innarmu da ba ta iya kallon hawainiya, in ta gan ta a kan danga ranar ba za ta ci abinci ba. Limaminmu har ya mutu bai taɓa hawa rumbu ba, ya ce da ya ɗaga ƙafa ƙasa take juya masa. Ana yi musu dariya, ba zan ɓoye ba, amma dariyar tana da iyaka. Yaro bai isa ya jefa wa mahauci kwaɗo ba, ya san abin da zai tarar a gida. Gari yakan kauce wa mutum ya ba shi hanya, kamar yadda ake kauce wa mai ɗauke da tulu. Yau kuwa in zuciyar yaro tana bugawa ya kasa barci, sai ya ce tenshan ce, ya je kemis a ɗaure masa ƙwaya a leda, babu wanda ya tambaye shi me ya gani.

Yayana ya girme ni da 'yan shekaru. Ina goye aka yi abin, don haka daga bakin kakarmu, Iya, na ji shi. Cikin marka ne, kududdufi ya cika ya batse, yara suka je wasa bakinsa. Akwai wani gefe da aka haƙi ƙasar gini ya yi zurfi, Yaya ya zame ya faɗa nan. Yaran suka watse da gudu, kowa yana tsoron a ce shi ne. Wata Bafillatana mai tallar nono ce Allah ya kawo, ta yar da ƙwaryarta, ta kwance mayafi ta jefa masa, ta jawo shi. Ya sha ruwa ya sha taɓo, aka juya shi ya amayar, ya rayu. Amma daga ranar, in ya ga ruwan da ya fi cikin ƙwarya yawa sai jikinsa ya ɗauki rawa, gumi ya karyo masa. Ko wanka aka zo yi masa sai an danne shi.

Babanmu mutum ne mai zafi. Da abin ya ishe shi ya ce a mayar da yaron cikin kududdufin a riƙe shi har ya saba, haka aka yi wa wane ya warke. Iya ta ce, "Wanen da kake faɗa, ka ga ya sake yin dariya tun daga ranar? Taɓa mini miji ka gani." Da yake kaka ce, maigida take kiran Yaya. Ta ɗauke shi ta mayar ɗakinta. An yi masa rubutu ya sha, an rataya masa laya, duk ba ta hana ba, amma nata aikin daban ne. Ta daina yi masa wanka da kwarara ruwa, sai ta jiƙa tsumma ta goge shi. Bayan wani lokaci ta ce, "Maigida, hannuna ciwo yake, jiƙo mini tsumman da kanka." Ya tsoma yatsu a ƙwarya. Aka jima ta koma cewa ya riƙe mata bakin igiyar guga daga can nesa, ita tana bakin rijiya. Kowace shekara igiyar tana ƙara gajarta a hannunsa bai sani ba. Ba ta taɓa ce masa jarumi ba, ba ta taɓa ce masa matsoraci ba. Abin da take yawan faɗa wa babanmu shi ne, tsoro baƙo ne, in ka kore shi da sanda sai ya koma ya zo da danginsa, amma in ka ba shi tabarma a zaure wata rana da kansa zai yi sallama. Lokacin da Iya ta rasu, Yaya yana iya jan ruwa a rijiya, muddin dai bai leƙa ciki ba. Iyakar inda igiyar ta kai ke nan.

Kuma hakan ya wadace shi, domin a ƙasar tudu tsoron ruwa ba ya hana mutum komai. Yaya ya zama ƙato, kafaɗa kamar ƙofar zaure, kuma a duk ƙauyukan nan babu mai riƙe garma kamarsa. Wanda bai ga gayya ba ba zai gane abin da nake nufi ba. Samari su jeru a bakin gona da sassafe, makaɗa a bayansu da gangar noma, 'yan mata sun kawo fura da kunu sun tsaya a inuwar ɗorawa. Kowane saurayi yana da takensa, in an buga shi sai ka ga mutum ya zama wani abu daban, ƙasa tana tashi ta bayansa. Mun gaji wannan da imani: ganga tana sa namiji ya yi abin da jikinsa ya ce ba zai iya ba. Na ga wanda ƙaya ta huda masa tafin ƙafa ya ci gaba da huɗa don ana buga takensa. Kuma wanda aka buga wa take ya juya baya, to ya gama aure a garin. Yaya kuwa in Sarkin Kiɗa ya rangaɗa masa nasa, "Giwar gayya, mai karya garma! Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!" sai ya bar sa'o'insa a tsakiyar gona ya je ƙarshe ya dawo ya tarye su. Da wannan suna ya yi aure, da shi kuma babanmu ya sakar masa ragamar gandu.

Sai aka ce gwamnati za ta kawo ruwa. Muka ga mutane da sanduna masu ja da fari suna auna gonaki, daga baya manyan motoci suka zo suka tumɓuke ɗorawa da kuka da tsamiya, suka baje iyakokin da kakanni suka dasa. Aka haƙa kanal aka shafe ta da siminti, ta ratsa tsakanin gari da gabas. Da aka gama aka sake raba ƙasa, kowa aka ba shi nasa a wani sabon wuri. Tamu ta faɗo a hayin kanal. Hanyar zuwa ita ce wata siririyar gada ta siminti, faɗinta bai fi tabarmar sallah ba, babu madafa ta ko'ina. Ranar da aka sako ruwa, gari kaf ya fita, yara suna bin kan ruwan da gudu suna ihu, tsofaffi suna salati. Yaya bai fita ba, ya zauna a gida yana gyaran ƙotar fartanya wadda ba abin da ya same ta. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. A shekarar nan tsoron ya taso daga daji ya zo ya kwanta a bakin gari.

Da lokacin noman rani na farko ya zo, za a shuka alkama, dole a ja fangalin ban ruwa a sabuwar gona. Yaya ya yi ta kawo dalili, yau ciwon baya, gobe zai je kasuwar Bunkure. Babanmu ya gane, abokansa ma sun gane. Suka taru suka yi shawara, kuma na rantse da alheri suka yi ta. Suka ce abin da ganga ba ta yi ba babu mai yi, a kira gayya a gonar, a buga masa takensa a bakin gada, kafin ya ankara ya tsallake. A tunaninsu tsoro rashin zuciya ne, zuciya kuwa ganga ce take kawo ta.

Ranar gayyar muka fita da hantsi, garma a kafaɗa. Samari suka tsallake ɗaya bayan ɗaya suna tsalle a kan gadar, suka jeru a hayi. 'Yan mata suka tsaya a wannan gefen da ƙoren fura. Yaya ya tsaya nesa kaɗan, yana kallon ƙasa. Wani abokinsa ya ɗaga murya daga hayi, "Giwa! Ko sai an kawo maka jaki?" Aka yi dariya. Wani ya ce, "Ku bar shi, yana jiran a shimfiɗa masa darduma ne." Sarkin Kiɗa ya gyara ganga ya matso har bayansa ya saki take. Na ga wuyan Yaya ya miƙe. Na ga ƙafarsa ta motsa kamar ba da izininsa ba. Matarsa tana cikin mata da goyo, na ji ta ce a hankali, "Malam, don Allah." Ganga ta danne muryarta. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa, ya taka gadar.

Gangar ta kai shi tsakiya, nan ƙarfinta ya ƙare. Ya kalli ƙasa, ya ga ruwa yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafarsa, kore, mai sauri, ba shi da farko ba shi da ƙarshe. Garmar ta suɓuce ta faɗa ciki. Ya durƙusa, sa'an nan ya kwanta rub da ciki ya rungume simintin da hannu biyu. Sarkin Kiɗa ya ɗauka ƙarin kiɗa ake bukata, ya ƙara wuta, yana kirari, "Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba!" Sai muka ji wata murya tana fitowa daga bakin Yaya, siririya, irin ta ƙaramin yaro, yana kiran Iya. Iya da ta daɗe a ƙasa. Gangar ta mutu a hannun mai ita. Babu wanda ya yi motsi, sai ƙarar ruwa kawai. Da muka je ɗauko shi, ni da wani abokinsa, sai da muka ɓamɓare yatsunsa daga bakin gadar ɗaya bayan ɗaya, farcensa duk jini. Wandonsa a jiƙe yake, kuma kowa ya gani, har 'yan matan.

Babanmu bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Da yamma ya kira ni a gaban Yaya ya ce, "Auta, gobe kai za ka kai mutane gona." Shi ke nan abin da ya faɗa. Daga ranar ba a sake buga taken Yaya ba, domin duk wanda ya ji shi dariya za ta zo masa, ko tausayi, kuma ban san wanda ya fi ciwo ba. Yara suka sa masa suna, ba zan maimaita shi ba. Waɗanda suka shirya gayyar suka riƙa sauya hanya in sun hango shi. Gayyar kanta ba ta daɗe ba, noman rani ya zo da aikin lada, ganga ta koma gidan biki. Yaya ya koma saƙar zana da tufkar igiya a zaure, wannan ƙaton mutum, yatsunsa suna wasa da kaba. Ko lokacin da ake rufe ruwa don yashe kanal, ta bushe ƙaraf har awaki suna yawo a ciki, ba ya zuwa wajen. Abin ya zama biyu, ga ruwan ga idon mutane. Baƙon nan da Iya take faɗa ya dawo da danginsa.

Na riƙe gonar har babanmu ya rasu, 'ya'yan Yaya suka tasa, na bar musu na shiga duniya. Na yi yaron mota, na yi fataucin goro da fata, na zauna Ikko da Kumasi, na daɗe a Chadi da Sudan kafin Allah ya kai ni Makka. Na koyi Yarbanci da Larabcin Shuwa da Fillanci da ɗan Faransancin kasuwa. Duk inda na je na tarar da masu irin ciwon Yaya. Na ga ɗan dako a Ikko wanda ba ya iya shiga ɗaki a rufe ƙofa. Na ga Balarabe mai raƙuma wanda tsawa take sa shi shiga buhu. Kowace ƙabila da yadda take yi da nata, wasu su ce aljani, wasu su ce maita, wasu su yi dariya, amma ban taɓa ganin inda kunyatarwa ta warkar da kowa ba. Abin da ya tsaya mini a rai a bakin kogin Shari na gan shi. Wani babban dillalin shanu ne, mai jama'a, ya zo zai tsallaka ya kasa. Sai mai kwalekwalen ya jawo wani tsohon jirgi kan yashi ya ce ya zauna a ciki su sha shayi. Washegari jirgin ya ɗan matsa, gindinsa yana taɓa ruwa. Muna nan muna jiran kaya muna kallonsu kullum, har ranar da na ga dillalin a tsakiyar kogi, idonsa a kan ƙeyar mai tuƙi, yana jan numfashi a hankali yana saki. Na ce a raina, igiyar Iya ce wannan. Daga baya a Omdurman ta Sudan wani ma'aikacin asibiti, jikan Hausawa, ya gaya mini cewa likitoci sun san ciwon, ba rashin zuciya ba ne, jiki ne ya riƙe wata firgita ya ƙi saki, kuma maganinsa ke nan, kusantar abin kaɗan kaɗan da yardar mai shi. Na yi ta cewa in na koma gida zan gwada. Amma mai yawo kullum gobe yake komawa.

Sai da gwiwa ta gaji na dawo, a shekarun nan da wayar salula ta shigo. Na tarar da garin da ban sani ba. Shinkafa ta kori gero, mata suna turara ta a manyan tukwane, tumatir yana ruɓewa a kwanduna a bakin titi ana jiran motar kudu. Yara tsirara suna daka tsalle daga kan gadar nan suna faɗawa kanal, abin wasa. Mahauci ya mutu, Sarkin Kiɗa ya mutu, masu dariya da waɗanda aka yi wa duk sun tafi. Yaya yana nan a zaure, ya rame, kafaɗun sun zube, idonsa ya fara hazo. Ya dube ni ya ce, "Alhajin yawo, ƙasa ta ƙare ne ka dawo?" Na ce, "Ta ƙare, Yaya, na je har bango na taɓa." Ya yi dariya har da tari.

Wata rana muna cin dafa-duka a kwano ɗaya, ya ɗebi loma ya tsaya yana kallonta. Ya ce, "Auta, ka san shinkafar gonar nan na ci ta shekara da shekaru, da ita na aurar da 'ya'ya, amma ban san kalar ƙasarta ba? Yaran nan in suna cewa gefen gabas ya fi riƙe ruwa, sai in gyaɗa kai kamar na sani." Ya ajiye lomar. "Ina so in taka ta kafin in mutu. Ko sau ɗaya."

Na ce, "To mu gwada irin na Iya."

Ya ce, "Iya ta yi da yaro. Ni yanzu ko akuya aka ba wa labarina sai ta yi dariya."

Na ce, "Akuyar ta yi. Ba ganga, ba mutane, daga ni sai kai. Duk inda ka ce mu tsaya, mun tsaya."

Muka fara bayan la'asar, lokacin da mutane suka ragu a hanya. Da farko iyakarmu gindin wani dalbejiya, inda ake jiyo ruwan ba a ganinsa. Mu shimfiɗa buzu mu zauna, in ba shi labarin ƙasashe, shi kuma ya ƙaryata ni. In na ga gumi ya fara tsattsafo masa sai in ce ya ja numfashi ta hanci ya sake shi a hankali, yana jan carbi, kada mu tashi sai bugun ƙirjin ya lafa da kansa. Ya ce, "Wato duk yawon da ka yi, numfashi ka koyo? Mu da muke gida da me muke rayuwa?" Amma yana yi. Wata rana mu matsa gaba, wata rana ya ce yau ba zai iya ba, mu koma gida. Babban ɗansa ya same ni ya ce, "Baffa, me ya sa kuke wahalar da tsoho? In gonar yake so ya gani, sai in ɗauko masa hotonta." Na ce masa ƙafa ba ta taka hoto.

Rani ya yi nisa muka kai inda ake ganin ruwan. Ya daɗe yana kallonsa ta gefen ido, kamar yadda ake kallon wanda aka yi shekaru ana gaba da shi. Ya ce, "Ashe bai kai yadda nake ganinsa a mafarki ba." Akwai wata 'yar magudana da ta ɓalle daga kanal ta bi ta wannan gefen, zurfinta bai wuce idon sawu ba. Ranar da ba zan manta ba, lokacin sallah ya matso ba mu zo da buta ba, na ce mu koma gida. Sai ya ce, "Riƙe mini riga." Na riƙe bayan rigarsa, ya tsuguna, ya tsoma hannu cikin ruwa mai gudu. Ya yi alwala cikakkiya, har wankin ƙafa. Da ya miƙe gemunsa yana ɗiga, ya ce, "Sanyi gare shi." A hanyar gida na ji yana wani ɗan gunguni a maƙogwaro, sai da na kasa kunne na gane takensa ne.

Kafin bazara mun kai bakin gadar. Ya zauna kusa da ita, ya ɗora tafin hannu a kan simintin, ya hango gonar daga nan, ɗansa yana ɗaga masa hannu daga ciki. Ya ce, "Bari a yi ruwan fari, jikina ya ɗan warware, sai mu hau." Na ce babu gaggawa. Wannan ita ce kalmar da ta dace, kuma ita ce ba gaskiya ba, domin abin da ake yi wa yaro a shekaru muna so mu yi wa tsoho a rani ɗaya. Ruwan fari ya zo da zazzaɓi. Ya kwanta, ƙirji ya riƙe, aka kai shi asibiti a Kura aka dawo da shi. Cikin marka ya cika, da rana tsaka, kansa a kan cinyata.

Tsohuwar maƙabartarmu an daina binnewa a cikinta, domin tun da kanal ta zo ruwa ya taso ta ƙasa, in an haƙa kabari sai ya tsattsafo. Sabuwar tana kan wani tudu a hayi. Da muka iso bakin gada da makara, sai aka ga ba ta ɗaukar mutum huɗu. 'Ya'yansa biyu suka karɓa, ɗaya gaba ɗaya baya, suka hau a hankali. Yaran da ke wanka suka fito daga ruwa suka tsaya. Ni ina biye, idona a kan likkafanin, ina jira in ga ko zai motsa.

Da muka sauka a hayi aka miƙe hanyar tudu, na ce, "Ku bi ta gonar." Liman ya ce, "Alhaji, ta nan ta fi kusa, kuma ga hadari." Na ce, "Na sani, Malam. Ku bi ta gonar." Aka juya. Muka bi ta kan gaɓar fangali ɗaya bayan ɗaya, shinkafa ta yi tsayi tana shafar gefen makarar. Da muka kai tsakiya babban ɗan ya rage tafiya, ya sunkuyar da kai wajen kafaɗarsa, ya ce, "Baba, ga ta nan. Nan ne gefen gabas."

Ba a sauke makara a hanya, don haka ba mu sauke ba. Muka ratsa gonar daga wannan baki zuwa wancan, yana bisa kafaɗun 'ya'yansa, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar ba.